Takardar Kuɗin Asibiti Mai Kai Tsegumi Gida

 Yau tsallaka teku za mu yi zuwa ƙasar Amurka, mu dubi wata magana wadda majalisun dokokinsu suka shafe fiye da shekara 30 suna ta juyawa, har yanzu kuwa ba su ga ƙarshenta ba. Maganar ita ce, idan miji ya daki matarsa har ya ji mata ciwo, ta lallaɓa ta tafi asibiti ba da saninsa ba, wa zai biya kuɗin maganin, kuma wa za a sanar cewa ta je?

Na san wata za ta ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, tun da likita ba ya fallasa majinyaci. Haka ne, likitan kirki ba zai buɗe baki ba, haka ma ma'aikaciyar jinya. Amma asirin daga ofishin akawu yake fita, cikin ambulan, ma'aikacin gidan waya kuma ya ɗauko shi ya kawo har ƙofar gida, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi nufin sharri.

Kafin mu gane yadda hakan ke faruwa sai mun san yadda ake biyan kuɗin magani a can. Amurka ba ta da tsarin magani kyauta ga kowa da kowa irin na Ingila. Galibin mutanen da ke cikin shekarun aiki ta wajen aikinsu suke samun inshorar lafiya, watau ana yankar wani abu daga albashin mutum kowane wata, ma'aikatarsa ta ƙara nata kaso, kamfanin inshora kuma ya ɗauki nauyin biyan asibiti in rashin lafiya ta zo. Ma'aikaci yakan sa sunan matarsa da na 'ya'yansa a ƙarƙashin nasa. Shi ne mai inshorar, su kuwa a inuwarsa suke. To, duk ran da ɗayansu ya ga likita, asibiti zai aika wa kamfani da lissafi, kamfani kuma bisa al'ada sai ya aika wa mai inshorar da takardar bayani. A ciki za a rubuta cewa ran kaza ga wata wance ta je asibiti kaza, likita wane ya duba ta, an yi mata hoton ƙashi ko ɗinki, kuɗi ya kama kaza, mun biya kaza, saura kaza a kanku. An ƙirƙiro takardar ce domin mai biya ya san inda kuɗinsa ke tafiya, kuma domin a kama asibitin da ke neman kuɗin aikin da bai yi ba. Babu laifi cikin wannan niyya.

Yanzu mu ƙaddara wata mace ce mijinta ya shaƙe ta da dare, ta wayi gari murya a dishe, haƙarƙari na ciwo. Ta jira ya fita aiki ta tafi asibiti. Likita ya tambaye ta a keɓe, ta gaya masa gaskiya, ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata lambar tarhon wani gida inda matan da suka gudu daga duka ke fakewa. Ta koma kafin ya dawo, ta ɗora girki kamar babu abin da ya faru. Bayan mako biyu ko uku sai ga ambulan da sunansa. Ba sai na gaya muku yadda za a kwana a gidan nan ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A ce ta riga ta kwashe 'ya'yanta ta gudu wani gari, amma kotu ba ta raba auren ba tukuna, duk suna nan ƙarƙashin inshorarsa. Yaro ya yi zazzaɓi ta kai shi asibiti. Takardar bayani ta isa hannun uban ɗauke da sunan asibitin da sunan garin. Masu aiki da irin waɗannan mata sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ta yunƙura za ta rabu da mai dukanta, ko kuwa ba ta daɗe da rabuwa da shi ba, shi ne lokacin da ranta ya fi shiga haɗari. Matan da kansu sun san haka sarai. Shi ya sa wata za ta ƙi zuwa asibitin sam, ta shafa man zafi ta kwanta, wata kuwa ta je ta ce daga kan matakala ta faɗo. Kada kuma a zaci 'yan tsiraru ne. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga wadda ta nuna kashi 27 cikin 100 na matan duniya 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko zama da namiji sun sha duka ko tilasci a shimfiɗa daga hannun mijin ko abokin zaman, aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

Sa'ad da duka ya zama laifin wadda aka daka

Abin da ya fara tayar da maganar a Amurka wata al'ada ce ta kamfanonin inshora mai wuyar gaskatawa. Cikin 1994 wani ƙaramin kwamiti na Majalisar Wakilai, wanda Charles Schumer ke shugabanta, ya binciki manyan kamfanoni 16, sai ya tarar 8 daga cikinsu suna duba ko an taɓa dukan mace kafin su yanke shawarar sayar mata da inshora. In takardunta na asibiti suka nuna haka, sai a hana ta, ko kuwa a tsawwala mata kuɗi, wai don mai yiwuwa ne a sake dukanta asara ta hau kansu. Ku dubi wannan lamari. An shekara da shekaru ana roƙon mata su gaya wa likita gaskiya, ana roƙon likitoci su rubuta abin da suka gani domin ya zama shaida a kotu, sai ga rubutun nan ya koma sandar dukanta karo na biyu.

A watan Satumba na shekarar ce Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mata, wadda Joe Biden ya jagoranta sa'ad da yake ɗan Majalisar Dattawa. Bayan shekara biyu, cikin 1996, aka kafa wata doka da ake kira HIPAA, wadda ta hana inshorar wajen aiki ta ware mutum saboda raunin da ya samo asali daga dukan cikin gida. Amma wadda za ta sayi inshora da kanta ba ta wajen aiki ba, an bar ta a hannun dokokin jihohi, har zuwa 2009 kuwa akwai jihohi 8 da babban birnin tarayya da ba su hana wannan wariya ba. Sai dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ce ta rufe ƙofar gaba ɗaya, tun daga Janairun 2014. Dokar nan har ila yau ta sa daga Agustan 2012 yawancin inshorori tilas su biya kuɗin ganawar da likita zai tambayi mace ko ana cin zarafinta a gida ya kuma ba ta shawara, ba tare da ta ciro ko kwabo ba. Madalla da wannan. Sai dai ko aikin kyauta ne, kamfani yakan buga takardar bayani ya aika wa mai inshora. An yafe mata kuɗin, tsegumin kuwa yana nan.

Dokar da ta ce sai kin roƙa

Ƙa'idojin rufin asiri na dokar HIPAA sun fara aiki cikin Afrilun 2003, kuma sun tuna da irin matar nan tamu. Sun ce majinyaci na iya gaya wa asibiti inda yake so a aika masa da saƙo da kuma hanyar da za a aika, asibiti kuwa ba shi da ikon tambayar dalili. Ga kamfanin inshora sharaɗin ya fi tsauri. Tilas ne ya karɓi roƙon in mutum ya faɗa a fili cewa bayyana labarinsa na iya jefa shi cikin haɗari, kuma kamfanin na da damar cewa sai a rubuce.

A takarda abin ya yi kyau. Amma ku sa kanku a matsayin matar. Da farko sai ta san akwai wannan dama, alhali ba a shelarta a kasuwa. Sa'an nan sai ta nemi lambar kamfanin, wadda galibi tana jikin katin da ke aljihun mijin. Sai ta sami lokacin da ba ya gida, ta yi magana da wani akawun da ba ta taɓa gani ba, ta furta masa abin da watakila ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Duk wannan kuma dole ta gama shi kafin injin kamfani ya buga takardar. A ganina dokar da ta ɗora dukkan wannan kaya a kan mutumin da ya fi kowa tsoro da gajiya a cikin lamarin, rabin doka ce.

Cikin 2009 aka ƙara wata dama, ƙa'idojinta suka fito cikin 2013: idan majinyaci ya biya kuɗin asibiti dukka daga aljihunsa, ya ce kada a sanar da kamfanin inshora, tilas asibiti ya bi. Wannan ya taimaki masu hali. Amma mun san namijin da ke dukan matarsa sau da yawa shi ke riƙe da kuɗinta, yana ƙirga abin cefane, yana bin diddigin kowane sisi. A ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan cinye albashin wata, ina za ta samo kuɗin sayen rufin asiri?

Ganin haka jihohi suka shiga yin nasu dokoki. Jihar Washinton tun cikin 1991 ta fara wani shiri, irinsa na farko a ƙasar, inda gwamnati ke ba matar da ta gudu adireshin aro. Wasiƙunta su zo ofishin gwamnati, daga nan a tura mata inda take, ba wanda zai ga ainihin mazauninta. Yawancin jihohi sun kwaikwayi wannan daga baya. A Jihar Niyok kuwa, idan mace ta kai wa kamfanin inshora takardar kariya da kotu ta ba ta a kan mai inshorar, an hana kamfanin ya gaya masa adireshinta ko lambar tarhonta muddin takardar na aiki.

Jihar Kaliforniya ce ta fi ba ni sha'awa, don ta yi dokar, ta ga inda take yoyo, ta dawo ta sake ɗinki. Cikin 2013 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2015. Ta ce wanda ke ƙarƙashin inshorar wani na iya neman a riƙa aiko masa da takardunsa kai tsaye, kamfani kuma ba zai ce sai ya bayyana irin haɗarin da yake ciki ba. Ta kuma yanka wa kamfani wa'adi: kwana 7 in ta waya ko ta intanet aka yi roƙon, kwana 14 in ta gidan waya ne. Amma dai roƙo ne har yanzu. Don haka cikin 2021 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan wata sabuwa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2022. Wannan ta lissafa wasu ayyukan asibiti da ta ce masu nauyin faɗa ne, irin su lafiyar ƙwaƙwalwa, da abin da ya shafi haihuwa, da cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, da shaye-shaye, da kuma dukan miji ko abokin zama. A kan waɗannan, ko majinyaciya ta roƙa ko ba ta roƙa ba, ita kamfani zai aika wa da bayani, kuma an hana shi gaya wa mai inshorar sai da izininta.

Jihar Masacusets ta bi ta wata hanya. Dokarta mai suna PATCH, wadda Gwamna Charlie Baker ya sa wa hannu cikin Maris na 2018, ta taɓa abin da ake rubutawa cikin takardar kanta. In aikin mai nauyin faɗa ne, ba za a ambaci sunansa ba, sai a sa kalma ta gaba ɗaya kamar ganin likita. Majinyaci na iya zaɓar adireshin da za a aika, in kuwa babu sauran kuɗin da ake bin iyalin, yana iya cewa kada a buga takardar ma sam. Jihar Oregon ta yi tata cikin 2015, Washinton kuma ta ƙara ƙarfafa tata cikin 2019.

To, ina hakkin mai biya? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kada mu tsallake ta. Kamfanoni sun ce mutumin da za a bi bashi ya kamata ya san bashin mene ne, kuma in aka daina nuna wa mai inshora lissafi, asibitin da ke cuta zai sami sarari. Na san kuma a cikin masu karanta wannan fili akwai wadda za ta ce, yaya za a yi mace ta je asibiti mijinta bai sani ba? Amsata ita ce babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta hana mace gaya wa mijinta. A gidan da ake zaman lafiya ai tun kafin ta cire mayafi za ta ba shi labari, watakila ma shi ya kai ta. Abin da dokar ta yi shi ne ta mayar da labarin hannun mai jikin, ita za ta zaɓi ranar faɗa da wanda za ta faɗa wa. Wadda ke zaune lafiya ba ta yi asarar kome ba, wadda kuwa ake duka ta sami 'yan makonnin da za ta shirya.

Inda rigar ke yoyo har yanzu

Kada ku ɗauka an gama. Babban ramin shi ne, akwai wata tsohuwar dokar tarayya ta 1974 wadda ta ce manyan ma'aikatun da ke biyan kuɗin maganin ma'aikatansu daga asusunsu, su ɗauki kamfanin inshora aikin lissafi kawai, dokokin inshora na jihohi ba su hau kansu ba. Wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatan da ke da inshora ta wajen aiki a irin wannan tsari suke. Ke nan maƙwabta biyu a unguwa ɗaya a Kaliforniya, ɗaya sabuwar doka ta kare ta, ɗaya kuwa ba ta da abin dogara sai tsohuwar dokar roƙo, bambancin kawai shi ne inda mazansu ke aiki. Katin da ke hannunsu ma yana iya zama iri ɗaya, sai an tambaya za a sani.

Na biyu, lissafi ba ya ɓoyuwa ga mai sa ido. A yawancin inshorori akwai wani adadi da iyali za su fara biya daga aljihunsu kowace shekara kafin kamfani ya soma biya. Mai inshora na iya duba nawa aka ci daga wannan adadi. In ya ga ya motsa da dala ɗari biyar alhali shi bai je asibiti ba, yara kuma lafiyarsu lau, ba ya bukatar takarda kafin ya gane. Har ila yau, dokar Kaliforniya ta 2021 ta ce in majinyaciya ba ta ba da wani adireshi dabam ba, za a aika da saƙon da sunanta zuwa adireshin da ke cikin littafin kamfani. Watau gidan mijin. Namijin da bai ji nauyin shaƙe matarsa ba, zai ji nauyin buɗe wasiƙarta?

Ga kuma wayar hannu. Yanzu asibitocin Amurka na zuba sakamakon gwaji da rubutun likita a intanet domin majinyaci ya karanta da kansa, tun Afrilun 2021 ma ƙa'idar tarayya ta hana a riƙe masa su ba bisa dalili ba. Ƙa'idar ta bar wa likita damar ɓoye rubutu in majinyaciya ta nema ko in akwai haɗari ga rai, amma sai likitan ya tuna. Miji kuwa sau da yawa ya san lambobin sirrin wayar matarsa, in ma ba shi ya buɗe mata shafin asibitin ba.

Wani abin mamaki kuma, Kaliforniyar nan da ke tsare asirin mace daga mijinta, tana da dokar da ta tilasta wa likita sanar da 'yan sanda in ya yi maganin raunin da yake zaton na duka ne, ko majinyaciyar ta yarda ko ba ta yarda ba. Masu goyon bayan dokar na cewa ta ceci rayukan matan da tsoro ya hana su magana. Masu suka na cewa ɗan sanda a ƙofar gida ya fi ambulan saurin tona asiri, kuma tsoronsa na hana mata zuwa asibiti. Su kansu ƙungiyoyin mata da ma'aikatan jinya ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba.

Sai maganar kuɗin kansa. Dokar hana cin zarafin mata ta 1994 ta ce jihar da ke son tallafin tarayya tilas ta ɗauki nauyin binciken likita da ake yi wa wadda aka yi wa fyaɗe domin tara shaida. Gyaran 2005 ya ƙara cewa ba sai ta kai ƙara wurin 'yan sanda ba, gyaran 2013 kuma ya hana a ce ta fara biya daga baya a mayar mata. Amma tara shaida dabam, magani dabam. Ɗinki, da hoton ƙashi, da kwanan asibiti ba su shiga alkawarin tarayya ba. Wani bincike da wasu likitoci suka buga cikin 2022 ya dubi waɗanda suka je sashen gaggawa cikin 2019 saboda fyaɗe da makamantansa, ya tarar wajen kashi 16 cikin 100 an sa ran su biya da kansu, matsakaicin lissafin kuwa ya haura dala 3,500. Wadda aka daka ba tare da fyaɗe ba, ko wannan alkawarin na tara shaida kyauta bai shafe ta ba, sai in jiharta ta yi doka. Washinton ta yi haka cikin 2021 a kan waɗanda aka shaƙe, domin shaƙewa na iya ɓarna a cikin wuya ba tare da an ga tabo a waje ba.

Kowace jiha na da asusun biyan diyya ga waɗanda aka yi wa laifi, tarayya kuma na tallafa masa tun dokar 1984. Sai dai bisa ƙa'ida asusun nan shi ne mai biya na ƙarshe, sai inshora ta biya nata tukuna. Kun ga an koma gidan jiya, domin da zarar an aika wa inshora lissafi, takardar bayani ta tashi. Shi ya sa nake ganin ba a raba maganar biya da maganar asiri. Hanyar da ta fi tsabta ita ce asibiti ya aika wa gwamnati lissafin kai tsaye, sunan miji bai shiga ko'ina ba.

Ingila ma, duk da maganinta kyauta ne, ta sami nata ƙulli. Tun 2013 matar da ke neman gwamnati ta biya mata lauya a shari'ar iyali sai ta kawo shaidar cin zarafi, wasiƙar likita kuwa na cikin shaidun da ake karɓa. Wasu likitoci suka riƙa karɓar kuɗi kafin su rubuta ta. Dokar cin zarafin cikin gida ta 2021 ta hana wannan caji a Ingila da Wales daga watan Oktoba na shekarar.

Ku 'yan makaranta, kada ku ce wannan ta matan aure ce kawai. Dokar 2010 ta ba yaro damar zama ƙarƙashin inshorar iyayensa har ya cika shekara 26. Yarinyar da ke jami'a a wani gari, takardar asibitinta hannun mahaifinta ko mijin mahaifiyarta take zuwa, wani lokaci kuwa shi ne wanda take tsoro. Dokokin Kaliforniya da Masacusets sun haɗa da irin waɗannan 'yan mata da samari.

Mu nan Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita, don haka asirinmu a bakin tagar biyan kuɗi yake fita, ta hannun wanda ya biya ko wanda ya yi rakiya. Amma inshora na tafe. Cikin Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, tsarin ma'aikatan gwamnati kuwa irin na Amurka ne ta wannan fuska: ma'aikaci ne mai suna, a ƙarƙashinsa mace ɗaya (wannan kuma magana ce ta wani makon) da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk labarin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umurnin kotu, ko wani dalili da doka ta ambata. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta ba wadda aka ci zarafinta hakkin samun taimakon likita, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa labarin lafiya cikin abubuwan da ake tsarewa na musamman. Ya kamata matan da ke majalisunmu da ƙungiyoyin ma'aikatan jinya su dubi abin da ya ɗauki Kaliforniya doka biyu cikin shekara 8, su nemi a rubuta shi cikin ƙa'idojin hukumomin inshorarmu tun yanzu da ake aza harsashi, cewa saƙon asibiti na mai jiki ne.

Kafin nan, in kin je yankar kati a asibiti ko cika fom ɗin inshora, ki dubi layin da aka ce a sa lambar waya. Yawancinmu lambar mai gida muke bayarwa ba tare da wani tunani ba, akawu ma wani lokaci ita yake fara tambaya. Kina da damar ba da taki, ki kuma ce wa ma'aikaciyar jinya duk wani sakamako ko kira ke za a nema.